Furen da Ba a San Sunansa Ba

A kasuwar Shisanhang da ke ƙasar Sin Zayyad ya fara ganin Saffana, tana riƙe wa gwaggonta Fasuma ledar mayafai. Ya gaishe su, ita kuwa ta kasa ɗago kai. Wata guda yana zuwa masaukinsu a unguwar Dengfeng, sannan ya yi tafiya bakin teku duba kayansa. Da ya dawo ya aiko da wasiƙa:

"Saffanata, sanyin idona, na ga wannan a gangaren dutse, saman teku. Ke na tuna. Naki, Zayyad."

A cikin takardar akwai busasshen fure, ɗan ƙarami, rawaya.

Gwaggo ta fizge, ta shinshina, ta yi salati.

"Kin taɓa shi? Saurayin kirki turare yake kawowa ko atamfa. Wanda ya kawo haki, wajen boka ya biya. Shi ya sa kwanan nan ba kya cin abinci!"

"Gwaggo, fure ne fa."

"Furen me? Faɗi sunansa!"

Saffana ba ta sani ba. Aka kira Zayyad, shi ma bai sani ba. Gwaggo ta ce jibi za ta mayar da yarinyar Kano. Har Saffana ta fara zargin kanta: me ya sa take tunaninsa haka?

Washegari ta yi ƙarfin hali. "Gwaggo, mu tambayi tsohuwar nan mai sayar da saiwoyin magani a kasuwa."

Gwaggo ba ta yarda Zayyad ya yi tafinta ba, sai aka ɗauko Alhaji Munkaila maƙwabcinsu, mai jin Sinanci. Da suka je, tsohuwar ta duba furen, ta murza, ta yi dariya.

"Ye juhua," ta ce, ta buɗe buhu cike da irinsa.

"Furen daji ne," in ji Alhaji. "Duk shekara daga saiwa ɗaya yake tohowa. Shayinsa suke sha."

"To a dafa wannan ɗin na wasiƙar," in ji Gwaggo. "Shi zai sha."

Zayyad ya shanye, ya yamutsa fuska don ɗaci. Gwaggo ta zuba masa ido tsawon lokaci.

"Gwaggo, ni an riga an gama da ni tun a Shisanhang," ya ce.

Saffana ta rufe fuska da mayafi. Gwaggo ta yi tsaki, amma murmushi ya ƙwace mata.

"Marar kunya. Ka turo magabatanka."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure a Kano. Gwaggo da kanta ta kai amarya, tana kuka tana cewa, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."