Kuɗin Cigiya

"Ki haɗa kayan sa ranar nan tsaf, gobe a mayar musu."

Haka Baffa ya faɗa ba tare da ya kalle ni ba. Inna tana bakin murhu, ta kasa ɗago kai.

"Baffa, don Allah ka saurare ni..."

"Me zan saurara, Naja'atu? Babur ɗina da aka sace a kasuwar Gaya, a garejin wa aka same shi? Ni ba zan haɗa zuri'a da ɓarawo ba."

Kalmar ta soke ni har cikin ƙirji. Saura wata biyu bikina da Ja'afar. Bakaniken babura ne a Gaya, mun san juna tun da na buɗe ɗan shagon POS kusa da garejinsa, ina zuwa kullum daga Gafasa. Mutumin da ko mataccen fulogi ya cire sai ya miƙa wa mai babur abinsa, yau shi ake kira ɓarawo.

Washegari yayansa ya yi belinsa. Na sami Ja'afar zaune a ƙofar garejin, leɓensa a kumbure, don 'yan kasuwa sun rufar masa kafin 'yan sanda su karɓe shi.

"Kin zo, Najata? Na ɗauka ke ma..."

"Kar ka ƙarasa, rabin raina. Gaya min gaskiya kawai."

Ya yi ƙasa da murya.

"Kin san Alhaji Maikuɗi?"

Wa bai san shi ba? Babban dillalin hatsi ne. Duk wanda aka sace wa babur daga Gaya har Ajingi wurinsa yake kai kuka. Sai ya ce a kawo kuɗin cigiya, bayan kwana uku babur ya dawo, ana ta sa masa albarka.

"Shi ne ubangidan ɓarayin," in ji Ja'afar. "Yana da masu zama a kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a suna lura da inda kowa ya ajiye babur. Masu ɗauka daban ne, ba su ma san juna da masu lurar ba. In babur tsoho ne, a dawo wa mai shi, a karɓi rabin kuɗinsa. In sabo ne, a goge lambar inji, a yi masa takardun bogi, a ƙetara da shi wata jiha. Badaru ya zo min har sau biyu in riƙa goge musu lamba. Na ce ba zan ciyar da ke da haram ba."

Badaru na hannun daman Alhaji ne. Ya nemi aurena bara na ƙi shi, kuma shi ya jagoranci mutane zuwa garejin.

"Shi ya shigar da babur ɗin Baffa ta baya lokacin da na tafi sallar azahar. Amma wa zai yarda da ni?"

Sai wani abu ya faɗo min a rai. Manoma da yawa a shagona suke tura kuɗin cigiya, kuma duk asusu ɗaya ne, mai sunan wani Usaini da ban taɓa gani ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu Badaru zai zo da katin wannan asusun ya cire. Ni kuwa ban taɓa yar da rasit ba.

Na yini ina tsince su. Rasit arba'in da bakwai, kowanne da sunan manomin da na rubuta a baya.

Da la'asar sai ga Badaru, yana ƙamshin turare.

"Gimbiya, na ji an fasa. Ƙofata a buɗe take, shago zan buɗe miki a cikin Kano." Ya dubi takardun da ke gabana, murmushinsa ya ɗauke. "Mace mai hankali ba ta tara shara. Hanyar Gafasa da nisa, ga ta ba mutane."

Na dube shi ido cikin ido.

"Allah ne yake kai ni, shi yake dawo da ni."

Ban koma gida ba sai da na biya ofishin 'yan sanda tare da yayan Ja'afar. Suka ce in ci gaba da aikina kamar ba komai. Ranar kasuwa Badaru ya zo cire kuɗi, katin yana hannunsa 'yan sanda suka riƙe shi. Bai kai yamma ba ya lissafa sunaye. A wani sito na Alhaji da ke hanyar Balan aka samu babura talatin da ɗaya a bayan buhunan gero, da injin goge lamba, da tarin takardun bogi.

Labarin ya kai kunnen Baffa. Bayan kwana uku ya sa babbar rigarsa ya ce in biyo shi. A tsakiyar kasuwar Gaya ya kama hannun Ja'afar ya ɗaga.

"Jama'a, a nan aka kira yaron nan ɓarawo, har da bakina. Na zalunce shi. Ja'afar, ka yafe min."

Ja'afar ya durƙusa.

"Haba Baffa, ai kai uba ne."

"To uban ya ba ka Naja'atu, kuma ba a ɗaga ranar ba."

Ranar ɗaurin aure manoman da baburansu suka dawo suka yi jerin gwano tun daga Gaya har ƙofar gidanmu, ba wanda ya gayyace su. Da aka kai ni, Ja'afar ya ɗaga mayafina yana dariya.

"Kin san sunan da ake kirana da shi a kasuwa yanzu? Mijin Naja'atu."

"Ya dame ka ne, masoyina?"

"Wallahi da shi nake so a kira ni har in tsufa."