Motar da Ba Ta Sallama

Rana ta faɗi, amma zafinta bai tafi ba. Haka take yi a Gwaram cikin bazara, sai ta bar wutarta a jikin katanga da ƙasa ta wuce abinta. Barau direba ya dawo daga sallar magariba, ya tuɓe riga ya rataya a kafaɗa, ya zauna a tabarma. Shekararsa talatin da ɗaya yana tuƙi tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da Basirka, kuma a yammacin nan kowace shekara sai da ya ji ta a ƙugunsa. Matarsa Indo ta je randa za ta ɗebo masa ruwa. Tana tsoma moɗa ta janye hannu.

"Malam, ruwan nan zafi gare shi."

"Yau mene ne ba shi da zafi?"

"Ba irin wannan ba. Kamar yanzu aka sauke shi daga murhu."

Randar a gindin darbejiya take, an binne rabinta cikin jiƙaƙƙen yashi. Barau ya tashi ya taɓa. Yana tsaye a nan dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro har tsakar gida. 'Yarsu Munira, auta, mai shekara goma sha tara, ta taso daga kan keken ɗinkinta ta sunkuya za ta ɗauka. Ta yar da shi tana yarfa hannu. Kafin a kawo gishiri yatsunta biyu sun tashi.

Barau ya fita da sanda. Babu kowa a lungu, ko akuya. Motarsa ce kaɗai a ƙarƙashin rumfa, fankar cikinta tana gunji a hankali, alhali tun la'asar ya kashe ta.

Motar ta lantarki ce. Ɗansa Jamaluddeen, mai gyaran sola a Kano, shi ya kawo ta lokacin da man fetur ya gagari tsohuwar bas ɗinsa, ya kafa masa farantin sola a kan rufi da wurin caji. Da sanyi motar ta yi kirki. Ba ta shan mai, ba ta tari, ba ta hayaƙi, ba a jin zuwanta sai an gan ta. A tasha ana ce mata Munafuka. Da bazara ta shigo sai halinta ya fito. Idan rana ta take, kwalta ta fara sheƙi kamar ruwa, batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta yakan ɗau zafi. Sai wani ɗan hoton kunkuru ya fito a allon gaban direba, ƙarfinta ya ragu, ta koma tafiyar jaki komai takawar da aka yi mata. Barau yakan kashe na'urar sanyi don ya rage mata wahala, fasinja su yi ta zaginsa cikin gumi. Ya buga wa ɗansa waya.

"Baba, ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. Kada ka yi mata caji da rana, sai da asuba. In kunkuru ya fito ka nemi inuwa, ka ba ta rabin awa, fanka za ta fitar da zafin."

Inuwa a hanyar nan ta yi wuya. Masu gawayi sun gama da itatuwa. Sai wani tsohon gawo shi kaɗai a gefen gona, bayan an wuce 'yar gada, wanda babu mai kai masa gatari. Gawo kuwa da rani yake ganye, lokacin da sauran suka tsiraice. Nan Barau ya mayar wurin hutun motarsa. Kullum rana tsaka ya sauka daga kwalta, ya silale har gindin itacen, ya kashe, fanka ta yi ta huro zafi a kan ƙasa. Mako uku yana haka.

Washegarin faɗowar dutsen, da rana ta kai tsaka, Munira ta faɗi daga kan keke. Jikinta ya yi zafin da Indo ba ta iya riƙe ta sai da zane. Ba ta kuka, ba ta magana. Bakinta a rufe, amma wani gunji yana fita daga ƙirjinta, ƙasa-ƙasa, ba ya yankewa. Ana kiran la'asar ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Da magariba duwatsu uku suka faɗo.

Aka kai ta asibiti a Birnin Kudu da safe, jikinta lafiya lau. Aka ɗebi jini, babu zazzaɓin cizon sauro, babu taifot. Aka ba su magani aka ce ta yawaita shan ruwa. Suna isowa gida rana ta take, ta sake faɗuwa. Haka kwana tara. Kowace rana sai ta ɗan ƙara daɗewa kafin ta dawo, kowace rana sai ta ƙara ramewa, har leɓunanta suka tsage. Ruwan gidan bai ƙara yin sanyi ba, sai daga maƙwabta ake roƙowa, kuma maƙwabtan sun daina shigowa, a bakin zaure suke ajiye bokiti. Barau bai fasa fita aiki ba, domin gidan a kan motar yake ci. Yakan dawo ya tarar da Indo zaune da jiƙaƙƙen zane a hannu, ta gaji har ta daina hawaye.

A rana ta tara Munira ba ta farfaɗo ba sai bayan magariba. Indo ta ce, "Malam, gobe in ta tafi ban san ko za ta dawo ba."

Da asuba ya tafi Sara ya ɗauko Malam Ƙasimu, tsohon malamin da ake kai wa irin wannan lalura. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya shiga motar, suka kama hanya, ya karkata kai yana saurare.

"Tafiya muke yi?"

"Tafiya muke, Malam."

"Hm," in ji shi. Haka suka iso Gwaram.

Malam Ƙasimu ya sa aka daka ganyen magarya aka zuba a ƙwarya da ruwa, aka shimfiɗa wa yarinyar tabarma a ɗaki, uwarta ta lulluɓe ta. Ya zauna yana jan carbi har inuwar katanga ta shige ƙarƙashin katanga. Gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Sai gunjin ya fara.

Malam Ƙasimu ya yi karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi, gumi yana ɗiga daga gemunsa a kan buzu, ɗakin yana ƙara zafi kamar an rufe su cikin tanda. Can gunjin ya yanke. Munira ta tashi zaune, ta miƙe ƙafafu, ta dafa gwiwa kamar tsohuwa mai ciwon ƙashi. Muryar da ta fito ba tata ba ce. Busasshiya ce, a gajiye.

"Ya isa haka, Malam. Zafin da nake ciki ya ishe ni, ba sai ka ƙara mini ba."

Indo ta toshe baki da zane.

"Wace ce ke?"

"Mai gawo."

"Musulma ce?"

"Tun kakan kakanka bai san alwala ba."

"To, me Musulma take yi a jikin 'yar mutane?"

Kan Munira ya juya a hankali har idanun suka tsaya a kan Barau, wanda ke tsugune a bakin ƙofa.

"Tambayi wancan. Motoci nawa suka bi hanyar nan tun da aka zuba kwalta? Ban taɓa taɓa direba ba. Mota tana tahowa muna jin ta tun daga gada, mu kwashe yara. Makiyayi in zai shigo inuwarmu yakan yi gyaran murya. Tsofaffinku kan yi sallama. Mace ko ruwan zafi za ta zubar a bayan ɗaki sai ta yi bisimilla. Wannan ya shigo mana da abin da ba shi da murya, ya tsayar da shi a kan 'yata tana barci, ya sakar mata iskar wuta. Na janye ta, gobe ya dawo. Na canza mata gefe, ya canza gefe. Bayanta duk ya saluɓe. Ya ƙona tawa, na kama tasa."

Barau ya buɗe baki da ƙyar. "Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani, ba 'yarka zan kama ba."

Malam Ƙasimu ya ce, "Kin ji da kunnenki bai sani ba. Yarinyar nan kuwa ko gawon ba ta taɓa gani ba. Wannan zalunci ne, kuma kin san hukuncinsa. Ki fita."

"A ƙone motar."

"Abincin gidan nan ce. Ba za a ƙone ba."

"To, a yanka mini baƙin bunsuru a gindin itacen."

"Ke da kika ce kin riga kakana alwala? Ba a yanka wa kowa sai Allah. Kada ki sa in koma karatu."

Kafaɗun Munira suka sauka. Da muryar ta dawo, ta fi ɗazu rauni.

"Da muna da kuka bakwai da marke da ɗinya, daga gada har bakin rafi. Duk kun mayar gawayi. Gida tara muke a gawo ɗaya yanzu, Malam, muna kwana kan juna. Ni ma na gaji. Ba jini nake so ba. Ya bar mana inuwar."

Malam Ƙasimu ya dubi Barau. Barau ya dubi ƙasa. Ya san hanyar kamar tafin hannunsa, ya san babu wata inuwa daga gawon har Gwaram, ya kuma tuna abin da ɗansa ya ce, cewa batirin in yana dahuwa kullum ba zai yi shekarun da ya kamata ba.

"Motar ba za ta riƙa kaiwa ba," in ji shi a hankali.

"Mu ma ba ma kaiwa," in ji muryar.

Indo ta sauke zanen daga bakinta. Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Barau," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

"Na bar muku," in ji Barau. "Har abada. Allah ne shaida."

Malam Ƙasimu ya sa ta rantse ita ma, cewa ba za ta dawo ba, ita da danginta. Ta rantse. Ya yi tofi a sauran ruwan magaryar ya ce za a zuba a gindin gawon saboda bayan 'yar mai gawon, domin magani ba ya tambayar jinsi. Muryar ta ce, "Na gode." Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Ƙafar ta yi rawa, Munira ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Indo ta ɗora tafin hannu a goshinta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Inna, kin danne mini ido," in ji Munira.

Bayan kwana biyu Barau ya taso daga Birnin Kudu da fasinja huɗu, ya makara saboda jiran cikon mutum ɗaya. Suna hawa 'yar gada kunkuru ya fito. Ya danna hon tun daga nesa, ya yi sallama a ƙasan maƙoshi, ya wuce gawon da tafiyar jaki. Sai da ya ba shi tazara mai kyau sannan ya gangara gefen kwalta ya tsaya a fili, inda ko ciyawa babu. Ya fito, ya rufa wa gilashin gaba tsohon buhu, ya tsuguna a ɗan siririn duhun da motar ta yi a ƙasa. Fanka ta kama gunji.

Wani Alhaji mai buhunan riɗi ya leƙo ta taga, hularsa ta jiƙe sharkaf.

"Direba, lafiyarka kuwa? Ga inuwa can mun baro, ka zo ka shanya mu kamar kuɓewa?"

Barau ya goge fuska da hannun riga.

"Da masu ita, Alhaji," in ji shi. "Rabin awa ne. Ka yi haƙuri."