Wasiƙun da Bene Goma Ya Karanta

"Otilia! Wane ne 'hasken idona'?"

Tata ne, mahaifina, tsaye a ƙofar kicin da damin takardu a hannu. Ludayin miya ya suɓuce mini.

"A ina ka samo wannan?"

"Tanti Florica, maƙwabciyarmu ta hawa na uku, ta bugo mini su a takarda. Har da ban haƙuri, wai tawadarta ta ƙare a wasiƙa ta arba'in."

A garinmu Galați ne, shekarar 2004. Waya ɗaya ce ta haɗa kwamfutocin benenmu mai hawa goma, daga taga zuwa taga, doka kuma ɗaya ce: wanda bai buɗe wa jama'a giga biyar na kayansa ba, ko waƙa ba zai ɗauka a wurin kowa ba. Nawa bai kai ba. Ni kuwa, mai digirin lissafi, sai na buɗe kwamfutar ɗungurungum don adadin ya cika.

Wasiƙun suna cikin jakar da na raɗa wa suna "Darussan Lissafi". Na ɗauka ba mahalukin da zai kusance ta. Na manta Tanti Florica shekara talatin ta yi tana koyarwa, ba ta iya ganin aikin ɗalibi ta wuce.

Wasiƙa sittin da uku, duk zuwa ga Horia. Ko ɗaya ban aika ba.

Horia shi ya ja wa benen waya. Ranar da ya zo huda bangon barandarmu ya datse kurangar inabin da Mama ta dasa kafin ta rasu. Tun daga ranar Tata bai sake kiran sunansa ba, sai "mai huda bango". Yanzu ya sami aiki a can garin Timișoara mai nisa, Asabar zai tafi. Ya roƙe ni in bi shi, na ce son da nake masa bai kai nan ba. Ƙarya na yi. Mama ce ta riƙe hannuna a gadon asibiti ta ce, "Kar ki bar babanki shi kaɗai, ko ƙwai bai iya dafawa ba."

Tata ya gyara gilashi ya karanto: "'Ba zan iya barin tsohon ba...' Tsoho! Ni! Kin mai da ni gandiroba a gaban bene goma!"

"Alkawari na yi wa Mama."

"Ni ma na yi mata alkawarin daina taba. Kin ga na daina? Wuce ki rufe abin nan!"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Horia ne, da waya naɗe a kafaɗa kamar kullum.

"Barka da rana, Nea Grigore," ya gaida Tata cikin ladabi.

"Da can dai."

"Oti, kwamfutarki a buɗe take gaba ɗaya. Mutum tamanin da ɗaya sun kwashi wata jakar lissafi... Ban san benen nan yana son boko haka ba. Ki rufe."

"Ka karanta?"

"Ni? Ni ke kula da wayar. In na fara leƙen kayan mutane, wa zai sake yarda da ni?"

Wato duk benen ya san ina mutuwar son mutumin nan, har mai gyaran famfo, sai shi kaɗai, saboda tarbiyya.

"Ba zan rufe ba," na ce.

"Otilia!" in ji Tata.

"Shekara biyu ina rufewa, Tata, me ya ƙare ni da shi? Horia, je ka karanta. Ba zan bi ka ba, amma ba za ka tafi da ƙaryata a aljihu ba."

"Lissafi fa, Oti? Kin san sau biyu na faɗi jarrabawarsa..."

"Je ka, sakarai!"

Washegari ya tare ni a matakala, idanunsa jawur.

"Zan fasa aikin, rabin raina."

"Ka fasa, ni ma in fasa ka."

"To ki biyo ni!"

"Ƙwai, Horia... Ko ƙwai bai iya dafawa ba."

Muka zauna muna kuka, Tanti Florica ta tsallake mu da kwandon kabeji, ta ce wasiƙa ta goma sha bakwai ta fi ratsa ta.

Kwana biyu Tata yana fushi da ni. Safiyar Juma'a na jiyo shi yana cakar kwamfuta da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar hatsi.

"Ke, ina ake ajiye abin da kowa zai gani?"

Na nuna masa. Da ya fita baranda shan tabar da ya daina, na buɗe:

"Zuwa ga mai huda bango. Yau na dafa ƙwai da kaina, ya dahu. Inabin ma ya tofo, ba don halinka ba. Zo ka ɗauke ta. Grigore."

Mutum hamsin suka riga Horia gani, don shi ya riga ya ɗaure kwamfutarsa a kwali. Tanti Florica ce ta kai masa a takarda, da silifas ɗinta, bayan ta gyara kuskure biyu da jan biro.

Aka ɗaura aure bayan wata biyu. Duk wanda ya ɗaga kofi sai ya ce "hasken idona", har limamin cocin.

A tasha Tata ya miƙo mini ƙunshi ta tagar jirgin ƙasa.

"Guzuri. Da hannuna na dafa. Kar ki waiwayo, 'yar Tata."

Da muka wuce garin Brăila na fasa ƙwai ɗaya a gwiwata. Ya dalalo mini a siket, ɗanye sharaf. Na fasa na biyu, na uku... duk ɗaya.

Kuka ya ƙwace mini.

Horia ya kalli gwaiduwar, ya ce, "Ɗaki na biyu a gidanmu na Timișoara yana da baranda, Oti. Ki ce wa babanki ya taho da reshen inabin."

Na share hawaye da bayan hannu.

"Zan faɗa masa. Amma wannan karon, hasken idona, in ka taɓa bango, ni da kai ne."