Ganyen da Ya Ƙi Bushewa

Ranar kasuwar Maigatari na fara ganinsa. Ina zaune bayan kaskon ƙosan innata, ina haɗa baƙaƙe a jikin guntun jaridar da muke naɗe ƙosai, don a haka na koya wa kaina karatun boko. Wani dogon karen mota ya tsaya a kaina, rigarsa duk baƙin mai.

"'Yammata, me takardar ta ce?"

"Ta ce ka saya ko ka matsa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar, duk Alhamis sai ya zo mini da takarda, ko ta sabulu ce, ko rabin jarida da ya tsinto a tashar Gumel. Sunansa Nata'ala. A rubuce nake iya faɗa. Da baki kuwa, tunda aka ɗaura mana aure sau ɗaya tak na taɓa kiransa, don a wajenmu mace ba ta kiran sunan mijinta.

Ya bar bin mota, na tare a ƙauyensu kusa da Ɗanzomo, mu uku da Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi. In na gama aikin yamma nakan karanta masa abin da ya samu, yana kishingiɗe yana gyara mini sunayen garuruwa.

Sai fari ya zo. Shekara biyu a jere gero yana fitowa yana ƙonewa. A saba'in da uku ko iri ba mu mayar ba. Muka sayar da awaki, muka sayar da jaki, muka ci dusa. Da daminar gaba ta faɗi, wani direba tsohon ubangidansa ya ba shi iri a ƙullin tsumma. Wiwi ne. Ya shuka a ƙarshen gona, tsakiyar rama.

"Sau ɗaya ne, Yelwa," ya ce mini. "Mu mayar da jaki, shi ke nan."

Ko taba ba ya sha, kuma ya fi ni sanin cewa wanda aka kama da wannan ganye sai ya tsufa a kurkuku.

Da kaka ya yanke. Ganyen ba ya son rana, a inuwa ake shanya shi, ga wari mai tona asiri. Arewa da gari akwai kufai, inda mutane suka watse lokacin yunwa, ɗaki ɗaya ya rage da jinkarsa. A nan ya ɗaura igiyoyi, ya rataye ɗaurin ganyen, ya liƙe taga da laka, ya kafa zana a bakin ƙofa.

Goggo ta aje mazarinta da ta ji.

"Ka rufe shi? Ɗakin da mutane suka bari ba ya zama babu kowa, Nata'ala. Masu shi suna shiga suna fita. Kana ma yin sallama in za ka shiga?"

"Goggo, da wane bakin zan yi sallama a kan wannan kaya?"

"To ka cire zanar."

"Iska ta kai wa dagaci labari?"

Mako ɗaya. Mako biyu. Ramar da aka yanke rana ɗaya da shi ta bushe ƙayau. Ganyen yana nan ɗanye shar, in ji shi, har raɓa yake tarawa a jiki. Kullum bayan la'asar sai ya tafi juya shi, kullum dawowarsa tana ƙara nisa.

Shi ne yake bushewa.

Leɓensa ya tsage. Ya shanye ƙwarya guda ta ruwa, ko zufa ba ya yi. Fatar hannunsa ta koma kamar ta tsohuwar guga. Wata rana yana alwala ya ɗago ya ce, "Karatunki na yau ya yi daɗi."

"Yau ban yi karatu ba, Maigida."

Ya dube ni, ya ci gaba da wanke ƙafa.

Na gaji. Ni ce rijiya, ni ce daka, ni ce roron wake, ni ce fargaba duk sa'ad da baƙon keke ya shigo gari. Ba faɗa muka yi ba. Na dai ƙulle zannuwana na tura ƙarƙashin gado, na ce a raina ranar Alhamis zan bi motar kasuwa in koma gidanmu.

Laraba rana ta yi ja bai dawo ba. Goggo ba ta da gwiwar tafiya. Na cika gora da ruwa na fita.

Hanyar yashi ce, tsakanin karan da aka girbe. Shanun Fulani sun wuce, sai ƙurarsu da warin kashinsu. Daga gari na jiwo kiran magariba, can ƙasa-ƙasa. Da na kai ga katangun kufai, sai gyare suka yi shiru gaba ɗaya.

Warin ya tare ni. Ɗanye, mai nauyi, kamar ciyawar da aka tattaka bayan ruwan sama.

Sai na ji murya a cikin ɗakin.

Mace ce take karatu. Tana jan baƙi, tana tsayawa, tana komawa farkon layi. Inda nake tuntuɓe a nan take tuntuɓe. Har ɗan tarin da nake yi kafin in juya takarda.

Muryata ce.

"Nata'ala," ta ce a hankali. "Matso. Saura kaɗan."

Gorar ta kusa kuɓuce mini. Na kama zanar, sanyi ƙalau kamar an tsamo ta daga rijiya. Na fizge ta, ta faɗi. Bakina ya yi abin da ya saba tun ina yarinya.

"Salamu alaikum."

Karatun ya tsaya.

"Wa alaikumus salam."

Ba baki ɗaya ya amsa ba. Daga jinka, daga ƙasa, daga cikin ganyen. Tsofaffi, da mata, da wata ƙaramar murya a daidai gwiwata.

"Yau aka gaishe mu," wani ya raɗa.

Maigidana yana zaune a tsakiyar ɗakin, ya ba ni baya. Ɗaurin ganyen suna lilo babu iska, suna ɗiga a kafaɗarsa. A gabansa wata aba tana tsaye da irin zanena. Tsawonta ya kai jinka, wuyan ya lanƙwaso ƙasa. Ban nemi ganin fuskar ba.

"Maigida," na ce. "Taso."

Bai motsa ba.

"Malam. Don Allah."

"Nata'ala," abar ta ce da bakina. Ya ja jiki ya matsa gare ta.

Harshena ya yi nauyi. Shekara huɗu sunan bai fito daga bakina ba.

"Nata'ala!"

Ya juyo.

Na watsa masa ruwan gorar, na damƙi wuyan rigarsa na ja. Ba shi da nauyi. Kamar damin kara.

Muna ƙetare bakin ƙofa na ji ƙara a bayanmu, kamar fara ta sauka a gona. Ganyen ne yake bushewa, duka, lokaci ɗaya, yana zuba. Wata iska mai zafi ta fito ta bi ta gefen kunnuwana, ɗaya bayan ɗaya, kamar mutane suna wucewa.

Ban waiwaya ba.

Washegari Goggo ta dogara sanda ta je da Malam Cindo, limamin unguwarmu. Igiyoyi kawai suka tarar, da baƙin gari a ƙasa. Malam ya fasa lakar taga, ya ce kada wanda ya ƙara taka wurin.

Ya rayu. Sai da aka yi wata biyu kafin zufa ta dawo masa. Amma har yau, in na yi magana daga bayansa ko daga bayan danga, sai jikinsa ya ɗauki rawa. Karatu kuwa ba ya iya saurara.

Ranar da ya fara iya sunkuyawa ya ga ƙullin kayana a ƙarƙashin gado. Ya fito da shi ya aje a gabana.

"Gobe Alhamis," ya ce. "Ki tafi, Yelwa. Ba ki yi laifi ba. Ni ko muryarki ba na iya ji."

Bayana yana ciwo, hannuwana duk kanta, ga tulu biyu suna jirana. Na zagayo na durƙusa a gabansa, inda zai ga bakina yana motsi.

"Dube ni," na ce. "Ba inda za ni. Daga yau ba za ka ƙara jin muryata ba sai kana ganin fuskata. Na yi maka alkawari."