A Bar Ruƙayya Ta Ƙarasa

Ruƙayyatu tana baranda tana ba shukokinta ruwa da tsohuwar buta lokacin da Umma ta fito da takardar makaranta a hannu. La'asar ta yi sakaliya, rana ta yi ja a kan benayen unguwar Malaz, a ƙasar Larabawan da suke zaune, ƙamshin na'ana'a da yasmin ya cika ɗan wurin.

Shekararta ashirin. An haife ta da lalurar da ta sa ƙafarta ta hagu ba ta takuwa sai da takalmin ƙarfe, harshenta kuma yana da nauyi, kafin ta fitar da kalma ɗaya wani ya gama zance. Tun tana ƙarama mutanen gida suka saba ƙarasa mata magana saboda tausayi. Saura wata uku ta gama makarantar masu buƙata ta musamman, shi ne malamarta, Abla Nura, ta aiko cewa za a zauna a tsara rayuwarta bayan makaranta, kuma ita ɗalibar ce za ta zaɓi wurin zama da mahalarta. Ruƙayya ta zaɓi falonsu. Ta rubuta Abba, ta rubuta Umma, sai suna na uku.

"Najib kuma?" in ji Umma. "Me ya kawo Najib cikin maganar gidanmu?"

Najib ɗan Katsina ne, yana aiki a wani shago a unguwar Sulay inda ake gyaran kekunan guragu da takalman ƙarfe. Shekara biyu ke nan Abba yana kai ta can. Najib yakan durƙusa ya gwada takalmin, ya tambaye ta inda yake matsa ta, sannan ya ajiye sukundireba ya jira amsa komai daɗewarta. Daga zancen takalmi aka koma hirar shuka, har ya taɓa kawo mata irin zogale daga gida a ambulan. Da ya turo kawunsa Malam Sha'aban neman izinin zuwa zance, Umma ta ce a'a. A ganinta tausayi ne kawai ke ɗibarsa, kuma wata rana zai gaji ya dawo mata da 'yarta da karyayyar zuciya.

Shi ma Abba, Dakta Lado, yana da nasa shirin. Kwantiraginsa na asibiti saura shekara biyu, iƙamar Ruƙayya kuma, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, a ƙarƙashin tasa take. Ya yanke cewa zai kai ta Zariya wurin yayarsa Gwaggo Hansai, a gyara mata ɗaki mai kyau, ta zauna ba abin da za ta nema ta rasa. Amma da ya ga sunan Najib da rubutun hannunta mai karkarwa, sai ya kasa sokewa.

Ranar Asabar da hantsi Abla Nura ta manna babbar farar takarda a bangon falo, ta rubuta sunan Ruƙayya a tsakiya. Ta roƙi alfarma ɗaya: kada kowa ya amsa a madadinta. Najib yana zaune kusa da ƙofa, kansa a sunkuye. Abla ta ce wa Ruƙayya ta rufe ido, ta faɗi inda take ganin kanta wata safiya nan da shekara biyar.

A hankali, tana haɗa Larabci da Hausa, ta fara. Tana ganin wani gidan gilashi, feshin ruwa yana sauka a kan ganye kamar raɓa, tukwanen shuka jere har iyakar gani, yatsunta cikin ƙasa mai laima, da makullin gida a jakarta.

"Ina so in... in..."

"Ki huta, Mamana. Mun sani," in ji Abba.

Abla ta ɗaga hannu cikin ladabi. Jijiyar wuyan Ruƙayya ta tashi, gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"In yi aiki," ta ce.

Da aka tambaye ta abin da take tsoro, ta dubi mahaifinta. "Ɗaki... mai kyau, Abba. Shi nake tsoro."

Umma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Can ta juya ga Najib da jajayen idanu. "Kai kuma, ranar da ka gaji fa?"

"Umma, ba tausayinta ya kawo ni ba," ya ce. "Idan na yi mako ban ji muryarta ba, ni ne abin tausayi."

Kafin azahar takardar ta cika. Za ta koyi aiki kwana uku a mako a wani gidan rainon shuke-shuke a unguwar Badi'a, za ta koyi shiga jirgin ƙasa na cikin gari, da fari tare da Umma, daga baya ita kaɗai, kuma za a sake zama duk bayan wata uku. Batun Najib kuwa, Abba ya ce sai an shekara: ba waya, ba saƙo, sai gaisuwa a falo ranar Juma'a ɗaya a wata.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Ruƙayya ta taɓa faɗuwa a tasha ta dawo da gwiwa a kumbure, Umma ta ce halas, an gama. Washegari sai ta tarar da ita a bakin ƙofa da abaya da jaka, tana jira. Najib bai taɓa fashin Juma'arsa ba, ko da yake an yi watanni Umma ba ta ba shi amsar da ta wuce "lafiya". Yakan zauna minti ashirin, ya saurari labarin dashen lemo, ya tafi da shi yana juyawa a rai har wani watan.

Wata Talata Umma ta bi sawun Ruƙayya har wurin koyon aikin ba ta sani ba, ta laɓe bayan tukwanen dabino. Hasken safiya ya ratso gilashi ya sauka a kan feshin ruwa. Ga Ruƙayya tsaye tana yi wa wata dattijuwa Balarabiya bayanin abin da ke sa ganyen wardi ya koma ruwan ɗorawa, matar kuma ta tattara hankalinta tana jiran kowace kalma. Mai wurin ta gane Umma, ta matso ta raɗa mata cewa suna son mayar da iƙamar Ruƙayya ƙarƙashinsu, su ɗauke ta aiki sosai.

Da Umma ta koma gida ta ce wa Abba ya kira Malam Sha'aban.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura auren. Ranar da za a kai amarya Umma ta riƙe hannun Najib ta gefen mayafi, ta ce, "Ɗana, ka yafe mini."

Iyaye, ƙauna ba ta ba mu ikon yanke wa yaro mai lalura rayuwarsa ba tare da shi ba. Mu tambaye shi, mu kame bakinmu har ya amsa. Masoya kuma su yi haƙuri da tsoron iyaye, domin Allah ba ya tozarta wanda ya jira ta hanyar da ta dace.