Wanda Ya Karya Shi Ke Riƙe

Nuriyya tana zaune a tsakar gida tana feƙe sandunan ɗori, sai yayanta Jafaru ya faɗo gidan babu sallama, ya sa ƙafa ya shure kwanon da take tara su.

"Tun daga tasha har ƙofar gidanga yara ke bina suna Zaure, Zaure! Kin ji aikin saurayinki?"

Ta san zancen. Mako uku da suka wuce, a wasan da aka yi tsakanin 'yan gari da ƙaramar makarantar horon malamai inda ita da saurayin nata Halidu suke karatu, Halidu ya zura wa Jafaru ƙwallo ta tsakanin ƙafafu har sau biyu. Wani mai shayi ya ce ai wannan ba mai tsaron baya ba ne, zaure ne, kowa ta nan yake wucewa. Sunan ya zauna daram. A wani garin da an yi dariya an manta. A Dakoro kuwa, saurayin da danginsa suka riga suka kawo goron tambaya ko takalmin yayan yarinya ba ya tsallakewa, balle ya mai da shi abin dariyar kasuwa.

"Yaya, ai ya zo ya ba ka haƙuri."

"Haƙurin da ya ba ni cikin zaure, mutum biyu? Gaban gari duka ya kunyata ni. Gobe final. Ki hwaɗa mishi ya zo da ƙahwar aro."

Mahaifinsu, Malam Mamani maɗori, yana gindin bishiyar bedi yana shafa wa wani tsoho magani a gwiwa. Bai ɗago ba. Ya dai ce, "Jafaru, kwashe sandunan da ka zubar." Jafaru ya fice bai kwashe ba.

Da la'asar Nuriyya ta kira Halidu ta roƙe shi kada ya buga. Ya yi dariya.

"Nuriyya, don buga balo lakwal, makarantarga tamu, ta ɗauko ni daga garinmu Azagor. In na ce ban bugawa ranar final, mi zan ce ma direkta? Amma na yi miki alkawari, ko ya buɗe ƙahwahu kamar ƙohwar gari, ban sa mishi."

Ya cika alkawarinsa, kuma shi ya jawo masa. Washegari fili ya cika maƙil, Nuriyya tana cikin 'yan matan makaranta a bayan raga. Duk lokacin da Jafaru ya taɓa ƙwallo sai ɗalibai su ɗauki waƙar Zaure, suna kaɗa jarkoki. Halidu ya yi ta kauce masa, yana ba da ƙwallo tun kafin su haɗu. Ana saura minti goma suka yi kiciɓis a bakin layi. Jafaru ya taho a guje, ƙafafunsa a buɗe, filin duka ya miƙe tsaye yana jiran na uku. Nuriyya ta ga Halidu ya ɗaga ƙafa, ya fasa, ya taka ƙwallon ya tsaya cak. Jafaru bai tsaya ba. Ya tashi sama da ƙafa biyu ya sauka a kan ƙaurinsa.

Ƙarar ta yi kama da ta busasshen icce. Har bayan raga aka ji ta.

Alƙalin wasa bai kai ga ciro jan kati ba dutse na farko ya sauka. Ɗalibai suka kwararo cikin fili da duwatsu, 'yan gari suka tare su da sanduna da ƙafafun benci. Aka fasa wa mai tsaron ragar gari baki, aka tattake wani ɗalibi har ya daina motsi na ɗan lokaci. Nuriyya ta kutsa tana neman inda Halidu yake, wani dutse ya same ta a goshi, jini ya rufe mata ido ɗaya. Da ɗayan ta hango shi kwance, ƙafar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa. Sai da jandarmomi suka harba hayaƙi mai sa hawaye sannan aka samu aka ɗauke shi zuwa asibiti. Jafaru kuwa ya tsallake katanga, ya shige ɗakin mahaifiyarsu ya sa sakata.

Da sassafe labari ya iso cewa Rhissa, kawun Halidu wanda ya rene shi, ya taso daga Azagor da mazan gidansu cike da mota. Nuriyya ta ɗaure goshinta ta nufi asibiti. Ta tarar da Halidu ya kafa wa rufi ido, hoton ƙashinsa yana gefen gado.

"Likita ya ce karaya guda ce," in ji shi, bai dube ta ba. "Guda ta isa."

"Kawu na bisa hanya."

"Na sani."

"In ya iso, sai an yi gawa gidanmu. Abu guda na san zai tsai da shi. Ba ya shiga da takobi gidan da ɗansa ke kwance yana jinya." Ta matso kusa da gadon. "Ka zo Baba ya ɗora ka."

Sai a lokacin ya juyo. "In kwanta gidan wanda ya karya ni? Nuriyya, na tsaya mishi. Kin gani da idonki na tsaya. Wagga ƙahwa ita ce karatuna, ita ce komi nawa."

"Na gani. Ban da bakin da zan roƙe ka da shi, amma ga ni ina roƙo."

Ya mayar da fuskarsa bango. Ta fito tana kuka, mutanen da ke layin karɓar magani suna bin ta da kallo.

Hantsi ya ɗaga lokacin da motar ta tsaya a ƙofar gidansu. Maza tara suka diro da sanduna, Rhissa a gaba, dogo, rawaninsa ya rufe baki, takobi a rataye. Malam Mamani ya shimfiɗa buzu a bakin zaure ya zauna, ya tare ƙofar da jikinsa.

"Malam, ba da kai muke ba," in ji Rhissa. "Hiddo muna yaron. Ƙahwa guda ya karya, guda za mu karya, mu koma. Zancen aure kuwa, ku ci goronku, mun bar muku."

"Ku zamna ku sha ruwa."

"Ba mu sha."

Wani matashi daga cikinsu ya gaji da magana, ya kai wa ƙyauren duka. Sandar ta goce ta sami tsohon a kafaɗa, ya kife a kan buzun. Maƙwabta suka fito da taɓare da fartanya. Nuriyya ta ruga ta tsaya a kan mahaifinta, ta ware hannuwa. Rhissa ya zare takobi rabi.

"Ɗiyata, kauce."

"Kawu, sai dai ka hwara da ni."

A nan ne aka ji ƙarar amalanke. Jaki ne ke jan ta, Halidu a kai, abokan wasansa biyu suna riƙe da shi, fuskarsa ta yi fari don azabar girgizar hanya.

"Kawu," ya ce da ƙyar, "ku ba ni hanya. Wurin maɗori na zo."

"Maɗora sun ƙare duniya? Mu tahi Maraɗi."

"Nan nika so. In za ka shiga da takobi, sai ka tsallake ni."

Rhissa ya daɗe yana dubansa. Ya mayar da takobin kube, amma bai cire shi daga kafaɗa ba.

Aka kwantar da Halidu a bakin zaure, Rhissa ya durƙusa kusa da shi ta waje, bai tsallake dokin ƙofa ba. Malam Mamani ya wanke hannu, kafaɗarsa tana masa zogi, ya ce wa 'yarsa, "Kira yayanki."

"Malam, kana son ka ga jini ke nan," in ji Rhissa.

"Gidanga tun kakana ƙa'ida guda gare mu. In mutum ne ya yi karaya, wanda ya karya shi ke riƙe. In bai riƙe ba, ban ɗorawa."

Sai da tsohon ya je da kansa ya doki ƙofar sannan Jafaru ya fito. Ya ratsa ta tsakanin maza tara, kowanne da sanda, ya durƙusa a inda gwiwarsa take gogar kuben Rhissa. Uban ya kama hannuwansa ya ɗora su a ƙasan gwiwar Halidu.

"Riƙe. In ka saki, ya gurgunce, kuma ni da kaina zan miƙa ka ga mutanenga."

Ya yi bisimilla, ya tofa, ya ja. Halidu ya cusa gefen rawanin kawunsa a baki ya ciza. Nuriyya tana miƙa sandunan da ta feƙe shekaranjiya, tana kallon yayanta. Ƙashin yana gurzar ɗan'uwansa a ƙarƙashin tafinsa, duk motsin yana shiga hannunsa. Gumi ya jiƙe shi, sannan hawaye suka zubo a kan ƙafar da ya karya. Bai saki ba har aka ɗaure igiya ta ƙarshe.

"Ka tsaya mini," in ji Jafaru. "Na ga ka tsaya."

Halidu ya tofar da rawanin, ya numfasa. "Yaya, ni na hwara. Na manta ko kai wane ne gare ni."

Rhissa ya dubi rawaninsa da haƙora suka huda, ya dubi kafaɗar tsohon da ta kumbura. Ya sauke takobin ya jingine shi a waje.

"Ina ruwan nan da aka ce mu sha?"

Kwana arba'in Halidu ya yi a zauren. Jafaru ne ke goya shi zuwa bayan gida, shi ke juya shi, shi ke karɓo masa darasi daga makaranta. Yara suka daina kiran sunan, domin mai shayin da ya raɗa shi ya ce duk wanda ya sake faɗa ba shi ba shayinsa. Ƙafar ta haɗu, sai dai gudun bai dawo kamar da ba. Makarantar ta bar shi ya ƙare karatu yana horar da 'yan wasanta. Bayan shekara biyu aka ɗaura aurensa da Nuriyya, Rhissa ne ya karɓa masa, Jafaru kuwa, wanda yanzu shi ke ɗori a gefen mahaifinsa, shi ya raba goro.

Fushin minti ɗaya ya karya abin da sai da aka yi kwana arba'in ana jinya. Da Halidu ya bar kawunsa ya rama masa, da gidaje biyu sun yi makoki, shi kuma ya rasa ƙafa ya rasa mata. Ya haɗiye zafinsa ya kai karayarsa gidan da aka yi masa ita, Allah kuwa bai bar haƙurinsa ya faɗi ƙasa banza ba.