Sunan da Ke Cikin Jirgin Davor

Tun da sassafe tsohuwa Zorka take suyar kifi, don yau Tullio, mahaifin Nives budurwar jikanta, zai zo daga birnin Trieste ya ga gidan da 'yarsa ta nace sai ta shiga. Mu 'yan Rovinj mun san Tullio ɗan garin nan ne. Yana ƙarami iyayensa suka bi sauran Italiyawan garin suka tsallaka Italiya, bai sake waiwayowa ba. Davor, jikan Zorka, har gemu ya aske saboda shi.

An ci an sha lafiya. Sai Davor, da rawar kansa, ya ce a sauka bakin ruwa a ga jirgin kamun kifin da zai riƙe Nives da shi.

Tullio na leƙawa ciki ya ƙame. A katakon gaba an sassaƙa suna, Fiora. Sunan mahaifiyarsa ne, aikin hannun babansa.

“Ɓarayi,” ya ce. “Kun cinye mana gari, yanzu kuma 'yata?”

Ya fizgi gatarin masu gyaran jirgi ya hau saran jirgin. Nives ta riƙe rigarsa tana kuka, ya hankaɗa ta kan duwatsu. Davor ya tare, gatarin ya same shi a dantse, jini ya wanke masa riga. 'Yan uwansa suka taso da sandunan tuƙi, ni kaina na ce yau sai an ɗauki gawa.

“Kada wanda ya taɓa shi,” in ji Davor, yana dafe da raunin. “Surukina ne.”

Zorka ta iso tana haki, ta sha gaban Tullio. Ta ce ranar da za su tafi, Fiora da kanta ta damƙa mata igiyar jirgin nan, ta ce ta riƙe mata har ɗanta ya dawo. Katakan duk sun ruɓe an sauya, ban da wannan ɗaya.

“Kowace shekara ni nake shafa masa mai. Ga ajiyarka, ƙarasa farfasa abinka.”

Gatarin ya suɓuce. Tullio ya durƙusa yana tsince gutsattsarin katako, haruffan suka ƙi haɗuwa. Da rigarsa ya ɗaure wa Davor hannu, yana kuka kamar yaro.

Kafin sanyi ya shigo aka sha biki. Haƙurin Davor ya ba shi mata. Tullio kuwa, don ya sa fushi gaba da tambaya, da hannunsa ya sare abu ɗaya tak da uwarsa ta bar masa.